Motar da Baba Kaɗai Ke Iya Ja

A gidanmu ba a gaya wa Baba magana, taro ake yi masa. In rigarsa ta tsufa, ba mai cewa Baba rigar nan ta gaji. Sai mu uku, ni da Yaya da Auta, mu kulle kanmu a kicin mu yi shawara, a sayo irinta sak a rataye inda tsohuwar take. Da likita ya hana shi gishiri ma ba a faɗa masa ba, sai ji ya yi miya ta yi lami, ya yi ta zargin harshensa. Yaya ne shugaban taron, don shi ne babba, kuma a ofis yake aiki, inda ya koyi cewa duk abin da za a iya faɗa wa mutum a tsaye, gara a zauna a tattauna shi a bayan idonsa. Mu dai girmamawa muke kiran abin.

To, Baba yana da mota. Tsohuwa ce, mai ruwan toka, ta girmi Auta, kuma Baba ya fi yabonta a gaban baƙi. Injinta lafiya lau. Matsalarta ɗaya, sandar giyarta ta daɗe da raba hanya da zanen da ke kanta. A zanen, in kana son giya ɗaya, hagu za ka ja sandar ka tura gaba. A motar Baba in ka yi haka, ribas ka sa. Giya ɗaya ta yi ƙaura ta koma tsakiya, inda aka zana uku, sauran ma duk sun matsa dama. Ta biyar kuwa ta matsa har ta fice daga motar, ba a ƙara jin ɗuriyarta ba. Baba ya ce ba a yi asara ba, giya biyar ta masu gaggawar zuwa lahira ce.

Ba matsawar kaɗai ba ce. Sandar tana lilo kamar ludayi a cikin tukunya, sai ka laluba, ka ɗan ɗaga ta, ka lallashe ta kafin ta shiga. Baba kuwa ko kallonta ba ya yi. Yana hira, yana gaisawa da mutane ta taga, hannunsa na damƙe da ita, sai dai ka ji ƙas, ta shiga.

"Motar nan ba ta jin kowa sai ni," haka yake cewa, yana shafa sitiyari.

Gaskiya ya faɗa. Dukkanmu uku muna da lasin, amma ba wanda ya taɓa fitar da ita daga ƙofar gida. Tun da Baba ya yi ritaya, wannan ne ya zama ofishinsa. Mama za ta kasuwa, sai Baba. Zan kai yara asibiti, sai Baba. Za ka tsaya a bakin ƙofarsa ka yi sallama, ka shigar da buƙatarka, ya duba agogo, ya yi tsaki, ya ce mutane ba sa barin mutum ya huta, alhali tun safe makullin na cikin aljihunsa yana jiran a zo. Ba shi da sauran wurin da ake jiran sa hannunsa sai nan.

Ranar da Mama ta zame a bayan gida ta gurɗe ƙafa, Baba ba ya nan, ya bi wani abokinsa gaisuwa. Ya manta makullin a kan tebur. Ga mota, ga makulli, ga direbobi uku, ga Mama tana salati a ƙasa. Yaya ya shiga da ƙarfin gwiwa, ya ja hagu ya tura gaba kamar yadda aka koya masa, motar ta yi baya ta tsaya kaɗan ya rage ta sumbaci tankin ruwa. Auta ya karɓa, ya yi ta dama sandar har gumi ya jiƙa shi. Ni ban ma gwada ba. A motar maƙwabci muka kai ta, a kujerar baya, tare da buhunan abincin kajinsa.

Washegari aka kira taro a kicin.

"Abin nan ya isa," in ji Yaya. "Gyara ta za a yi."

"To a gaya wa Baba mana," na ce.

Ya dube ni kamar na yi saɓo. "Ki gaya masa me? Cewa motarsa ba ta da lafiya? So kike ki karya masa zuciya? A gyara kawai. In ya ji ta yi laushi, shi da kansa zai sa mana albarka."

Auta ya ce ya goyi baya. Auta bai taɓa zuwa taro bai goyi baya ba.

Dama ta samu da Baba ya tafi duba ƙanwarsa a wani gari, a motar haya, don ya ce ba zai wahalar da tasa a kan doguwar hanya ba. Muka kira bakanikensa ya zo ya ɗauke ta. Sai-Gobe ake ce masa, kuma ba sai na faɗi dalili ba. Garejinsa na can bayan gari, rumfar kwano ce da rami a tsakiya, ƙasan ta yi baƙi da man juye. Mutum ne da bai taɓa jefar da komai ba. Bango guda cike yake da gwangwanayen madara, kowanne da gawar wani abu da ya cire daga motar wani.

Ni da Yaya muka bi shi don mu ga abin da za a yi. Sai-Gobe ya ɗora motar a kan rami, ya sauka da fitila, ya kira ni in leƙo.

"Kin ga wannan dogon rodin? Shi ne ɗan aike tsakanin hannun Baba da akwatin giya. Duk gaɓar da kika gani, da bushin a cikinta, wata 'yar roba da ke riƙe ta tsam. Duba nan." Ya girgiza ƙarfen, ya yi ƙwal-ƙwal. "Babu. Ta cinye. Wannan kuma notin da ke ɗaure rodin ne ya saki, rodin ya juya, shi ya sa kowace giya ta bar gidanta. Ga ɗan ƙarfen da ke tare ribas don kada a faɗa mata bisa kuskure, ya lanƙwashe, ba ya tare komai. Ɗan aike ya zama maƙaryaci, a ce masa gaba ya je ya ce baya."

"Duk zuwan da Baba yake yi nan ba ka taɓa gani ba?"

"Ni? Tun gashina na baƙi nake roƙonsa. Cewa yake, gyara birki, juye mai, amma ka taɓa mini sandar nan sai mun ɓata." Ya goge hannu a tsumma, ya dube mu. "Ya dai sani ko?"

"Mun yi magana a gida," in ji Yaya. Bai yi ƙarya ba, mun yi.

Ban taɓa ganin Sai-Gobe yana aiki da zumuɗi irin na ranar ba. Ya kwance rodin gaba ɗaya, ya wanke shi da fetur, ya fitar da guntayen tsofaffin robobin da tsinken ƙarfe ya zuba a gwangwani. Ya danna sababbi, ya cika su da giris. Ya miƙe ɗan ƙarfen ribas da guduma. Sannan ya sa ni na zauna a ciki na riƙe sandar a tsaye cak a firi, ba ta cikin kowace giya, shi yana ƙasa yana juya rodin kaɗan-kaɗan yana tambaya, "Tana tsakiya? Kada ki motsa, kada ki yi numfashi." Da ya ɗaure notin ya fito, ya jera giyoyin ɗaya bayan ɗaya da yatsu biyu, har ta biyar, wadda ta dawo daga dogon bulaguro ba tare da ta ba kowa haƙuri ba. A ranar ya gama. Sunansa ma ya ci amanarsa.

Ni na tuƙo ta zuwa gida, kuma ba zan ɓoye ba, na ji daɗi.

Baba ya dawo da yamma. Da safe ya sa babbar riga, ya ce zai kai Mama a duba ƙafarta. Muka jeru a baranda muna jiran albarka. Ya fitar da motar da baya, don da gaba na shigo da ita, wannan ma sai da ya ɗan yi kokawa, muka ga ya haɗe gira. A bakin titi, gaban mai shago da masu zaman benci, ya taka kuloci, ya tura sandar tsakiya kamar yadda hannunsa ya saba shekara da shekaru. Yanzu kuwa nan gidan giya uku ne. Motar ta yi tsalle, ta yi tari, ta mutu. Ya sake tayarwa, ta sake mutuwa. Ya kuma. Wani a kan benci ya ɗaga murya da kyakkyawar niyya, irin wadda ta fi zagi ciwo.

"Baba, hagu za ka ja! Hagu, sannan gaba!"

Baba ya kashe motar. Ya dubi sandar, ya girgiza ta, ya ji ba ta lilo. Ya juyo ya dubi baranda, mu kuma kowa ya sami abin kallo a ƙasa. Bai tambaye mu ba. Ya fito ya ce da ni, "Kai uwarki asibiti, kaina ke ciwo," ya shige ciki.

Daga ranar Baba bai ƙara taɓa motar ba. Makullin ya koma rataye a ƙusa a falo, kowa ya ga dama ya ɗauka. Auta ya mai da ita tasa. Ba mai tsayawa a ƙofar Baba da sallama, ba mai ba shi damar yin tsaki. Abincinsa ya ragu. Ya koma wuni a ɗaki, ƙofa a sakaye. Abin ya dame ni ƙwarai, don na san mu muka yi masa.

Wata rana da hantsi na zo wucewa na ji muryarsa ƙasa-ƙasa. Na leƙa ta kafar ƙofa. Yana zaune a bakin gado, ya kafa lemarsa a tsaye a cikin kwandon shara, ya riƙe mariƙinta, yana taka wani abu da babu da ƙafar hagu. "Hagu, gaba," yake cewa. "Baya. Tsakiya, gaba." Har da ƙugin inji yake yi da baki.

Na ruga na kira taro.

"Inna lillahi," in ji Yaya. "Abin ya taɓa shi. Tsoho yana tuƙa lema."

"Ko dai mu je mu tambaye shi?"

"Ki tambayi mahaifinki ko ya zautu? Ke wai ba ki da ta ido ne? Kewar motarsa yake yi. Mu muka ɓata, mu za mu gyara. A mai da masa ita yadda take."

Auta ya goyi baya, ko da yake a wannan karon da ɗan sanyin jiki. Aka kuma yanke kada a gaya wa Mama, don a cewar Yaya, Mama ba ta riƙe magana.

Muka ce za mu kai ta wanki. Sai-Gobe ya saurare mu har ƙarshe, ya zauna a kan tsohuwar taya, ya cire hula ya sosa kai.

"Tun da na fara aikin nan nake ɓata motocin mutane bisa kuskure," ya ce. "Yau ne aka fara zuwa takanas a roƙe ni in ɓata da gangan. Kuma aikin da na fi alfahari da shi a bana."

"Za ka iya ko ba za ka iya ba?" in ji Yaya.

Ya miƙe ya nufi bangon gwangwanaye, ya sauko da ɗaya ba tare da ya yi lalube ba. Guntayen robobin Baba na ciki. Ya sauka rami yana gunaguni. Ya fitar da sababbin bushin ya adana, ya cusa tsofaffin, ya kwance notin ya juya rodin zuwa tsohon tabonsa, ya lanƙwashe ƙarfen ribas ɗin da ya miƙe da hannunsa. Ya gwada, ya ce bai kai lalacewar da ba, ya koma ya ƙara sassautawa. Mutum mai tsoron Allah ne, in zai yi aiki sai ya yi shi da kyau.

"Wannan karon dai ya sani ko?" ya tambaya.

"Mun yi magana a gida," in ji Yaya.

Shi ya kawo mana ita har gida ya ajiye a inda take, bayanta na kallon tankin ruwa, gabanta na kallon ƙofa. Muka rataye makullin a ƙusa. Shirin shi ne, washegari kowa ya ce yana da uzuri, a roƙi Baba ya kai Mama kasuwa, ya shiga ya tarar da tsohuwar abokiyarsa ta dawo.

Ba mu kai ga roƙon ba. Da safe Baba ya fito da kansa, ya yi wanka, ya sa turare, ya ciro makullin daga ƙusa.

"Ku fito duka," ya ce. Ya juya wurin Mama. "Ke ma taho, ki zauna a kujera ki kalla."

Mama ta fito tana ɗingishi, tana wani murmushi da ban gane ba. Baba ya shiga, ya gyara madubi, ya tayar. Na ga ya dubi kan sandar, abin da ban taɓa gani ya yi ba. Leɓɓansa suka motsa. Sai a lokacin na gane abin da lemar nan take. Na buɗe baki, amma a gidanmu ba a saba ba, kafin maganar ta sami hanya ya riga ya ja hagu ya tura gaba, daidai yadda aka zana, ya ba ta wuta da ƙarfin zuciya.

Motar ta yi baya da gudu ta daki ƙafar tankin. Tankin ya yi tunani kaɗan, sannan ya kwanto a kan but ɗin motar ya fashe. Ruwa ya malale tsakar gida, ya kwashi takalma da bokitai ya yi waje da su.

Baba ya fito. Ruwa na bin ƙafafunsa, bai ko duba ba. Bai yi faɗa ba, kuma da ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya taka har gaban Yaya ya miƙa masa makullin.

"Na koya," ya ce. "Wallahi na koya. Hannun ne ya ƙare. Riƙe, kai ne babba."

Yaya ya sa hannu biyu ya karɓa cikin ladabi. Na san fuskar nan tasa. Lissafi yake yi cewa in aka yi shiru, magana ta mutu a nan, gobe a sake kai wa Sai-Gobe a ɓoye.

"Hannunsa bai ƙare ba," in ji Mama daga kan kujera. "Ina kallo. Hagu ya ja, gaba ya tura. Tun ranar da kuka kunyata shi a titi yake koyo da lema, ni nake riƙe masa kwandon in ya goce. Ya ce kada in gaya muku, ban gaya ba. Yanzu wane ne ya sake taɓa motar nan?"

Matar da ba ta riƙe magana ke nan. Yaya ya dubi Auta, Auta ya dube ni, ni kuma ba ni da wanda zan duba.

"Mu ne, Baba," na ce. "Mun ga kamar kana kewarta, muka sa aka mai da ita yadda take."

Ya daɗe yana kallona. "Wato sau biyu kuka kai ta."

"Sau biyu."

"Garejin nan yana bayan gari," ya ce. "Ɗakina ga shi nan kusa da kicin ɗinku. Duk taron da kuke yi ina jin motsin kujeru."

Kunya ta rufe ni har na ji da ma ruwan nan ya haɗa da ni ya yi waje.

Baba ya zare makullin daga hannun Yaya. Ya sa Auta ya janye gawar tankin daga kan but. Ya shiga, ya ce da ni, "Shigo." Bai kalli sandar ba wannan karon. Ya laluba, ya ɗan ɗaga ta, ya tura tsakiya, ƙas, muka fita, ruwa na tsiyaya a bayanmu har bakin titi.

Sai-Gobe na ganin wanda ke tuƙi ya miƙe tsaye ya fara rantse-rantse.

"Baba, ni cewa aka yi an yi magana a gida."

"An yi," in ji Baba. "Ba da ni ba ne kawai. Sababbin robobin nan suna ina?"

"Suna nan a gwangwani."

"Mayar. Ka ɗaure notin da kyau. Kafaɗar nan tawa ta daɗe tana ciwo da kokawa da sandar nan."

"To Baba me ya hana ka faɗa tuntuni?"

"Wa ya tambaye ni?"

Shi ya zauna a ciki ya riƙe sandar a firi, Sai-Gobe na ƙasa yana juya rodi yana kiran kada ya motsa. Aiki na uku ke nan a kan ƙarfe ɗaya, kuma na farko da mai motar ya sani.

A hanyar dawowa Baba ya tuƙa a hankali, yana faɗa wa kansa kowace giya kafin ya sa ta. Sau ɗaya hannun ya so ya koma gidan jiya, ya kama shi. Da muka hau babban titi, hanya ta buɗe, injin ya fara kuka a giya huɗu. Ya yi gyaran murya, idonsa na kan titi.

"Ta biyar ɗin nan, lema ba ta nuna ta da kyau. Ina take?"

Na ɗora hannuna a kan nasa. Ban san ya yi ƙashi haka ba. Na tura dama, na tura gaba, ta shiga, kukan injin ya kwanta. Muka yi tafiya mai ɗan nisa a haka, bai janye hannunsa ba, ni ma ban ɗauke nawa ba.

"Ashe tana da daɗi," ya ce. Can kuma ya ƙara da cewa, "Kada ki gaya wa yayanki."